Hatimi a Aljihun Alhaji

A Garwa, bayan tashar manyan motoci,
a sito mai warin angurya da baƙin mai,
nan aka raɗa wa jam'iyyarmu suna.
Ba taro, ba ƙuri'a.
Alhaji Mijinyawa ya ɗago kai daga lissafin tayoyi,
ya ce, "Ma'auni za a zana a tuta."
Muka ce madalla.
Ni na riƙe alƙalami ranar,
ban ajiye shi ba shekara goma sha ɗaya.

Kujerun nasa ne.
Lasifika tasa, man janareta nasa,
atamfar da mata suka ɗinka
fuskarsa sau shida a zani ɗaya.
Wanda ya zo da shawara ya koma da ambulan,
wanda ya zo da gardama ya koma da biyu.
Mun bugo kundin dokoki a Yawunde,
shafi arba'in, bango kore mai sheƙi.
Da ƙafar teburin ofis ta gurgunce,
da shi muka tokare ta.

Kada ka ce mugu ne.
Ya haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Pitowa,
shekarar da Binuwai ta shiga gidaje
tirelolinsa ne suka kwashe mutane.
Babban itace ne dai,
ba abin da ke tsiro a gindinsa.
Hatimin jam'iyya a aljihun gabansa yake kwana
tare da goro da makullin sito.

Ciwo ya zo ba sallama.
Jirgi ya ɗauke shi, hatimi ya bi shi.
Wata huɗu ko takardar gayyata
ba mu iya fitarwa ba.
Bayan addu'ar bakwai malamai suka zauna rabon gado:
tirela goma sha tara, gidaje, garke uku.
Sai Sabi'u, babban ɗansa, ya yi gyaran murya,
"Jam'iyyar fa? Kason wa za ta faɗa?"
Ba wanda ya yi dariya.
Na sunkuyar da kai. Ni ma ban san amsar ba.

Masu manyan riguna suka watse
kamar kasuwar da hadari ya taso wa.
Cikin dubu uku masu tafi a filin ƙwallo
mu ashirin da bakwai muka rage
a gindin dalbejiya, kan tabarmar aro.
Inna Dudu mai bandar kifi
ta kwance bakin zaninta,
wanda fuskar Alhaji ta koɗe a kai,
ta ajiye dala ashirin a gabana.
"Rubuta," ta ce. "Sunana, da ranar."
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta abin da aka raba,
ban taɓa rubuta abin da aka kawo ba.
Hannuna ya yi rawa.

Muka ɗaga teburin, muka zaro kundin.
Gara ta ci shafi na tara, sauran na nan.
Muka karanta da ƙarfi, muna tuntuɓe
kamar masu koyon baƙi.
Ya ce a yi zaɓe.
Muka yi, da 'ya'yan tsamiya da ƙwarya biyu.
Na tsaya. Bappa Tela ya tsaya.
Goma sha biyar, goma sha biyu.
Na faɗi.

Na biyo ta kan gada da magariba
raina na suya, ba zan ɓoye ba.
Wa ya kai ni sanin jam'iyyar nan?
Amma gobe da hantsi zan kai masa littafin
da sabon hatimin da muka sa aka sassaƙa
da kuɗin Inna Dudu da na wasu.
Wannan ba aljihu zai shiga ba.
Akwati ne mai kwaɗo biyu,
makulli ɗaya wurin tela,
ɗaya wurin mai kifi.

Teburin kuwa har yanzu yana rawa.
Sai mu nemo dutse.